Dutsen da Na Sa a Gurbi na Huɗu

Asabar, 9 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ka gaida mini Umma. Yaya idonka na hagu, ya daina zubar da ruwa? Ni lafiyata ƙalau, 'yar mura ce na yi ta wuce. Gwaggo ma tana lafiya.

Kawu, na yi wani abu wata uku da suka wuce, ban faɗa wa kowa ba. Ran Lahadi idan Gwaggo ta kira Umma ta miƙo mini waya, tana tsaye a kaina, kuma ka san bakina. Shi ya sa na rubuto. Idan za ka ba ni amsa ka aiko ta makarantarmu, kar ta gida.

Sai na fara faɗa maka aikin Gwaggo, in ba haka ba ba za ka gane ba. Idan an tashe mu daga makaranta wurin aikinta nake zuwa, don ba kowa a gida. Ɗakin yana ƙarƙashin bene, ba taga. A tsakiyarsa akwai na'ura kamar ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai bututu da yawa, cikinta sanyi ne wanda ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Akwai allura a ciki da ke bin saman wani ɗan dutse ba tare da ta taɓa shi ba. Idan mutum ya taka ƙasa da ƙarfi, ko ya buga ƙofa, ko ya yi tari kusa, allurar sai ta caki dutsen, aikin kwana uku ya lalace. Don haka a lungu nake zama daga ƙarfe uku zuwa shida, ina aikin makaranta a kan cinyata. Idan tari ya taso mini sai in danne shi in fita da sanɗa. Gwaggo ta ce ba don sunan Kyanwa da ka sa mini ya bi ni ba, da ba a bar ni na shiga ba.

Duwatsun ba tsinto su ake yi ba. Wani dattijo ne yake dafa su a tanderu, kowa Mai Tanderu yake ce masa. Dafawa ɗaya sati uku. Suna fitowa ƙanana kamar yankan farce, baƙaƙe masu ƙyalli, falle kan falle kamar shafukan littafi. Daga kowace dafawa yakan zaɓi mafi kyau ya sa a akwatin roba mai gurbi goma sha biyu, irin wanda kake zuba notin agogo, kowane gurbi da lambarsa. Lambar ce kaɗai ke nuna yadda aka dafa dutsen.

Wata Asabar da hantsi Gwaggo da Mai Tanderu suka fita jawo tulun da ake ƙara wa na'ura sanyi da shi, suka bar akwatin a kan tebur. Na ɗaga shi don in ga ƙyallin a ƙarƙashin fitila. Ashe murfin bai kama ba. Biyu suka faɗo kan farar takarda, na gurbi na huɗu da na tara. Ba su fashe ba. Na ɗauke su da hantsaki yadda na ga ana yi, na mayar. Amma ban san wanne ne na huɗu wanne ne na tara ba. Da suka dawo Gwaggo ta ce, "Kyanwa, ba ki taɓa komai ba ko?" Na girgiza kai.

Da a nan ya tsaya da ban dame ka ba. Bayan sati biyu Gwaggo ta sa dutsen gurbi na huɗu a na'ura, ta ga abin da ta yi shekara shida tana nema. Ta yafito ni gaban kwamfuta ta yi mini bayani da raɗa. Ta ce idan dutsen ya yi sanyi sosai, wutar lantarki tana bi ta cikinsa ba abin da ke tare ta. Idan aka kunna maganaɗisu kuma, ƙarfinsa yana ratsa dutsen ta ƙananan wurare, wutar tana kewaya kowane wuri kamar ruwa idan yana juyi zai shige ramin wurin wanke hannu. Guguwa take ce musu. Na gan su a allo, baƙaƙen ɗigo a jere. Ta ce a tsakiyar guguwa akwai abin da ke maƙalewa, bai kai cikakkiyar ƙwayar lantarki ba, kamar rabinta ne, ɗayan rabin yana can wani ƙarshen, kuma ba ya fita muddin guguwar na juyi. Alamarsa ita ce layin awo da ke allon ya tashi kamar tudu daidai kan sifili. Ga tudun kuwa, guguwa bayan guguwa. Ta ja hannuna muka fita, ta rufe ƙofa a hankali, sannan ta rungume ni har gilashinta ya faɗi. Ba ta taɓa rungume ni ba.

Yanzu Mai Tanderu ya sake dafa irin na huɗu, an gwada, ba tudu. Gwaggo ta daina hira a bas.

Me zan yi?

'Yarka,
Kyanwa

Litinin, 25 ga Maris

Kyanwata,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Idon yana nan yadda kika bar shi, ba ya shiri da ɗan'uwansa. Sai da na sa gilashin gyaran agogo na karanta, don kin yi rubutun kamar sawun tururuwa. Ummanki lafiya.

Zancen tsakuwa biyu da suka faɗi, cire shi a ranki. Kin ce ba su fashe ba, kin mayar. To me ya rage? Sau nawa a rana noti yake faɗuwa a shagon nan, in durƙusa ina lalube, mai agogo yana tsaye yana kallon ƙeyata? Ban ji wanda ya mutu don haka ba.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne, sau uku na karanta wurin. Yarinya ta taso daga makaranta a kai ta rami ba taga, a zaunar a lungu awa uku, ko tari ba ta da ikon yi? Kuma duk zamanki ba a rungume ki ba sai don dutse? Da gwaggonki ta zo neman a ba ta ke bayan rasuwar babanki, karatu ta ce za ta sa ki, ba ta ce gadin tukunya ba. Ni na tsaya mata a gaban Ummanki, don haka ni zan gyara. Ran Juma'a zan zauna da Umman taki.

Ki ci abinci. Ki yi tari in ya zo.

Kawunki

Laraba, 3 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ka da Umma. Lafiyata ƙalau. Yau malamar ajinmu ta ba ni takardarka, a nan makaranta nake rubuta wannan lokacin hutun ƙarfe tara.

Don Allah kar ka faɗa wa Umma haka. Ba abin da na ce ke nan ba. Gwaggo ba ta takura mini. Ita ma ba ta tari a ɗakin. Kowa da safa yake yawo, har Farfesa, babbansu, takalmansa a hannu yake shigowa, safarsa ɗaya da huda a babban yatsa. Gwaggo takan duba mini lissafi da jan biro, ta saya mini kamus, kuma makarantar tana da ɗakin karatu da ake ba mutum aron littafi ya tafi da shi gida. Ina son makarantar, Kawu. Ita ce ma abin da nake tsoro. Idan Gwaggo ta ji abin da na yi, ina ganin gida za ta mayar da ni.

Kuma ba faɗuwar ba ce matsalar, mayarwar ce.

Jiya Mai Tanderu ya sauko da dafawa ta biyu an gwada, ba tudu. Suka yi faɗa, amma na'ura tana aiki, don haka duk da raɗa suka yi shi. Da ba ni ce sanadi ba da na yi dariya.

Ya ce, "Dakta, allurarki ce ta kwaso datti ranar, dattin kika gani."

Ta ce, "Na gwada allurata kafin in fara, na gwada bayan na gama. Tanderunka ne ya tsufa, shi da mai shi."

Ya ce, "Na fara dafa dutse kina koyon ɗaure takalmi."

Ta ce, "To ai ya kamata a ce ka iya yanzu."

Jijiyar wuyansa ta tashi, ya ɗaga hannu zai buga tebur, ya tuna, ya sauke a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Da zai fita ya tsaya a gabana ya zaro alewa daga aljihun farar rigarsa ya ba ni. Ya ce, "Kyanwa, ke kaɗai ce mai hankali a ginin nan, ba kya cewa komai." Alewar tana jakata, na kasa sha.

Ka ba ni amsa da wuri.

'Yarka,
Kyanwa

Lahadi, 12 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka. Sati biyar da kwana huɗu ban ji daga gare ka ba. Kullum ina kallon hannun malamarmu idan ta shigo, har ta fara tambayata ko lafiya. Ko fushi ka yi? Ko idon ne? A waya Umma tana yawan tambayata ko ina cin abinci, muryarta wani iri, sai nake jin ka faɗa mata.

Abu ya ƙara lalacewa. Gwaggo ta riga ta nuna tudun a wani babban taro tun farko, mutane daga nesa suna ta aiko mata da tambaya. Farfesa ya ce zuwa ƙarshen watan Yuni idan ba a sake ganinsa ba, sai ta rubuta ta janye maganarta, a ba wasu na'urar. Na ji tana faɗa wa wata ƙawarta a waya cewa idan ta janye ba za a sabunta mata aiki ba. Yanzu Asabar da Lahadi ma a can muke yini. Muna shiga rana ba ta fito sosai ba, wani lokaci ina manta ko ana ruwa a waje.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ran Alhamis na bi Gwaggo sama, ɗakin tanderu, karo na farko. Zafi kamar kusa da dutsen guga. Ashe Mai Tanderu yana ɗaukar hoton kowane dutse da ya zaɓa, a kan takarda mai gida-gida irin ta lissafi, ya manna a bango da lambarsa. Suna magana na bi hotunan da ido. Akwai wanda kusurwarsa ɗaya ta gutsure kamar haƙorin da ya karye. Na gane shi. Ta wajen gutsuren na kama shi da hantsaki, kuma a gurbi na huɗu na sa shi, na tuna don na ce a raina kusurwa huɗu saura uku. A bango lambarsa tara.

Yanzu ba zato nake yi ba, na sani.

Na yi ƙarfin hali na tambayi Mai Tanderu bambancin huɗu da tara. Ya yi mamakin jin muryata har ya waiwaya bayansa. Ya ce kayan haɗin ɗaya ne, ko awo ba ya raba su. Na huɗu da zafinsa ya ciro shi, na tara kuwa ya bar shi ya huce a hankali kwana goma. Ya ce, "Tara ba ta da amfani, Dakta ta gwada ba ta ga komai ba." Ya nuna mini jan gicciye da ya zana a kan kwalbar da sauran duwatsun tara suke ciki. Kawu, wanda ta gwada da sunan tara ai na huɗu ne.

Sau uku na yi niyyar faɗa mata. A bas na ce "Gwaggo", ta juyo, na ce mun kusa wuce tasharmu. A gida na tsaya a ƙofar ɗakinta har ƙafata ta yi tsami. Jiya ta ce, "Ke kam me yake damunki?" Na ce ciwon kai, ta ba ni magani, na sha.

Da ranar na faɗa da faɗa kawai za ta yi mini. Yanzu wata biyar ne, da dafawa uku, da faɗansu, da ramar da ta yi. Kowace rana da na ƙara tana ƙara wa maganar nauyi.

'Yarka,
Kyanwa

Talata, 28 ga Mayu

Kyanwata,

Ina lafiya yanzu. An yi mini aikin idon, na yi fiye da wata guda da auduga a fuska kamar buhun da aka yi wa faci, shago a rufe. Takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa na tarar da su. Ki yafe mini shirun.

Ki yafe mini na biyu kuma. Na riga na faɗa wa Ummanki kafin ta biyun ta iso. Ta yi kuka, ta ce da an yi hutun ƙarshen zango ki dawo, ba komawa. Jiya na je na ce mata ni ne na karanta da ido ɗaya, ta ce ai dama kaina ma ɗaya ne kuma bai cika ba. A ƙarshe ta ce ba za ta ji daga bakina ba, sai abin da kika rubuto da hannunki. In kin ce gida, gida. Maganar duwatsu ban faɗa mata ba.

Na sake karanta ta farkon da sabon ido, yanzu na gane. Lokacin da nake koyon aiki na taɓa kwance agogon wani direba. Akwai noti biyu da ido ba ya raba su, ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kaurin gashi. Na sa dogon a ramin gajeren. Agogo ya tashi lafiya, bayan kwana biyu ya tsaya, don notin yana danne wata ƙafa a ciki. Sau huɗu direban yana dawowa. Maigidana ya canza wannan ya canza wancan, har ya fara cewa hannunsa ne ya soma rawa, tsufa ya zo. Ni ina gefe na sani. Ban faɗa ba. Direban ya ɗauke agogonsa ya kai wani wuri, maigidana kuma har ya rasu bai sake karɓar irin wannan agogon ba. Shekara talatin ke nan, ke ce ta farko da na faɗa wa.

Ba zan ce miki yi kaza ba, don na nuna miki ni ban iya ba. Ban san halin gwaggonki idan ta yi fushi ba, ba kuma zan yi miki alkawarin ba za ta kore ki ba. Abin da na sani shi ne in kin dawo ga ɗakinki, ba wanda zai tambaye ki komai, ni ma ba zan sake tayar da zancen ba.

Kawunki

Juma'a, 7 ga Yuni

Kawu,

Ina gaishe ka, na yi murna da idon. Ka daina aiki a rana har ya gama warkewa. Lafiyata ƙalau.

Na karanta takardarka a bayan ajinmu, na daɗe ina tunanin maigidanka. Ba zan ɓoye maka ba, na kwana biyu ina son in ce gida. Har na fara rubuta wa Umma, na kai layi huɗu.

Yau da muka zo na tarar da kwali a bakin ƙofa cike da kwalaben da aka yi wa jan gicciye. Mai Tanderu yana share kantar ɗakinsa don ya sami wurin dafawa ta huɗu, ita ce ta ƙarshe kafin wa'adin Farfesa. Ya ce ran Litinin masu kwashe shara irin tasu za su zo su ɗauka. Kwalbar tara tana sama-sama, ina ganin duwatsun ta gilashi, sun kai goma.

Akwai wani babban littafi mai baƙin bango a kan teburin na'ura. Duk abin da ya faru a ɗakin ana rubuta shi a ciki, da biro, da rana da lokaci, mutum ya sa hannu. Ba a yaga shafi, ba a gogewa. Idan ka yi kuskure layi ɗaya za ka ja a kai yadda za a iya karanta shi. Gwaggo ba ta ajiye jakarta da safe sai ta karanta shafin jiya.

Da ƙarfe biyar ta hau sama wurin Farfesa. Na ɗauki biron. Na rubuta ranar yau, sannan na rubuta ranar Asabar ɗin da abin ya faru. Na ce akwatin ya buɗe a hannuna, biyu sun faɗo, na sa mai gutsuren kusurwa a gurbi na huɗu, a duba hoton tara a bangon ɗakin tanderu. Na ce an tambaye ni na ce ban taɓa ba. Na ce kar a zubar da kwalbar tara. Na yi kuskure biyu, na ja musu layi. Na sa sunana cikakke, da na babana. Kwalbar ban taɓa ta ba, takarda na manna a jikin kwalin.

Ta dawo a gajiye ba ta buɗe littafin ba, ta ce mu tafi. A bas ta yi gyangyaɗi har kanta ya sauko kafaɗata, na zauna ban motsa ba sai tasharmu.

Ka faɗa wa Umma, ko ka nuna mata wannan layin tunda hannuna take so: ban ce gida ba. Idan Gwaggo ta mayar da ni zan zo, amma ba zan tafi da kaina ba.

Gobe Asabar. Ta ce in ina so in zauna a gida in huta, tunda ciwon kan nan ya dame ni. Na ce zan bi ta. Ina so in kasance a tsaye a wurin lokacin da take karantawa.

'Yarka,
Kyanwa